Koren Kati Daga Isa

Sabon Birni, Lahadi, 5 ga Safar

Zuwa ga ɗan'uwana Malam Kalilu, a Isa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ka yi mini afuwa da na ɗora maka nauyin karanta wagga takarda, ga ka da aikin jama'a a ka. Na ɗauki alƙalami na aje ya fi sau uku. Da sabis na waya yana nan, magana biyu ce mu gama, to tun da anka ɗauke shi kowa ya koma ga takarda kamar zamanin kakanni. Da ajami na rubuta, shi na iya, na kuma san ka sha tawadar allo kafin ka tafi boko.

In ka manta ni ba laifinka ba ne. Ni ce Sadiƙa ta Gangara. Kakata da kakarka ɗaki ɗaya sunka fito a Alkalawa. Rabona da kai tun sunan ɗanka na biyu, ranar da akuya ta tsoma baki cikin ƙwaryar fura ka ce a ƙyale ta, ita ma gayyata ta zo. Ina fata kana lafiya, da mai ɗakinka da yara. Mu nan alhamdu lillahi, sai ciwon gwiwa da ke damun surukata, Inna Laraba.

Wataƙila ka ji abin da ya same mu. Bara, ana tsakiyar yankan gero, mutanen daji sunka ɗauke maigidana, Malam, daga gona. Ba ni faɗin sunanshi, amma tun da takarda ce ta neman taimako za ni rubuta sau ɗaya: Is'haƙa. An yi magana da su sau biyu, an ji muryarshi, daga nan shiru. Ba a ce ya rasu ba, ba a ce yana raye ba. Munka baro Gangara, wani bawan Allah ya ba mu ɗaki a nan bayan kasuwa, ni da Inna. Ita Inna tun da munka zo ta shimfiɗa tabarma a bakin zaure tana fuskantar hanyar Gangara. Ta rantse ba ta ƙara taka ko'ina sai Ɗan'auta ya dawo, kada shi zo shi tarar ba kowa. Haka take kiranshi har yau, mutum da furfura a gemu.

Ga abin da ya kawo ni. Ɗiyata Zulaiha, ita kaɗai Allah ya bar mini cikin huɗu, tana aure nan Isa, gidan Abdurra'uf tela. Cikinta na fari ya shiga wata takwas. Ka san al'ada, gida ya kamata ta zo goyon ciki. To ina gidan? Kuma wa za shi ɗora mai ciki kan hanyar nan? Ni ce ya kamata in je in zauna da ita, in dafa mata ruwan wanka, in dama mata kunun kanwa. Uwar mijinta ta rasu, ba ta da kowa a can.

Ina tsoron hanyar, Malam Kalilu. Ba ni ɓoye maka. Jabir, mai kabu-kabun unguwarmu, ya ce za shi kai ni ta daji don Allah. Amma makon jiya da hantsi anka tare babura uku wajen tsamiyar nan ta bayan gada, biyu kawai sunka dawo. In na ji ƙarar babur ko a cikin gari ne, sai in koma cikin ɗaki.

Sai na ga motar ƙungiyarku ta 'yan asalin Gobir, wadda ke zuwa Litinin da Alhamis da rakiyar jami'an tsaro gaba da baya. Allah shi saka wa waɗanda sunka kawo ta. Na je tasha na tambayi direban, Jibrilla. Ya ce masu katin kyauta ake fara ɗauka, sai 'yan kasuwa masu biya su cike sauran. Biyan ya fi ƙarfina. Katin kuma, ya ce, na tsofaffi ne da naƙasassu da matan da mazansu sunka rasu. Na tsaya ina lissafa kaina. Ban tsufa ba, ƙafafuna biyu, mijina kuma ban sani ba. Na ce, "To mu fa da muke jira?" Ya ce, "Baba, wallahi ba ni na tsara ba. Ki nemi ɗan kwamiti." Da ya ambaci sunanka sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka.

Ba alfarma nake nema a kan haƙƙin wani ba. Tambaya ce: akwai ƙofar da irina ke shiga? In babu, ka faɗa mini, za ni yi istihara a kan Jabir.

Wassalam. 'Yar'uwarka, Sadiƙa.

Isa, Laraba, 8 ga Safar

Yaya Sadiƙa,

Wa alaikumus salam. Wane irin afuwa kuma? Ai zumunci a ƙafa yake, ni ne mai laifi da ban tako ba tun da abin Malam Is'haƙa ya faru. Allah ya bayyana shi. Akuyar nan kuwa ban manta ta ba, da ita aka yi layya a shekarar, ta biya furar da ta sha. Mu duk lafiya. Ki gaida Inna, ki ce mata ta rinƙa shafa man kaɗanya da ɗumi.

Da na karanta takardarki na bi ta gidan Abdurra'uf. Na ga Zulaiha. Ƙafafunta sun ɗan kumbura, amma tana ta hidimarta, har ta sa ni cin ɗanwake dole. Ta ce in gaya miki ta sayi tukunyar wanka, ke kaɗai ake jira.

Maganar Jabir ki cire ta daga ranki. Don a raba mutane da hawa babur ɗai-ɗai cikin daji muka kawo motar nan. Mutum ɗaya a kan babur nama ne. Mutum arba'in cikin mota ɗaya ana ba su rakiya. Da farko ma mutane gudunta suka yi, suna cewa babbar mota ita ake hange daga nesa. Sai muka fito da kati, don in aka ga tsofaffi da mata sun je sun dawo lafiya, sauran su saki jiki. Haka kuwa aka yi. Yanzu faɗa ake a kan kujera.

Tsarin shi ne, farin kati na wanda ya wuce sittin, kuma yana da damar tafiya da mai rakiya ɗaya. Shuɗi na naƙasassu. Kore na matan da suka rasa mazansu. Da Inna za ta yarda ta motsa, da an gama magana, amma kin ce ta yi rantsuwa, ba ni so in sa ta kaffara.

Tambayarki ta tsaya mini a rai. Gaskiya lokacin da muka zauna tsara abin, ba wanda ya tuna da masu jira. Mun lissafa matattu da rayayyu, mun manta na tsakiya. In na kai maganar kwamiti sai an yi zama uku ba a gama gardama ba, cikin Zulaiha kuwa ba ya jiran zama. Ki bar mini. Na san yadda za ni yi. Ranar Litinin ki je tasha da wuri, Jibrilla zai zo miki da abu.

Ƙanenki, Kalilu.

Sabon Birni, Litinin, 13 ga Safar

Malam Kalilu,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da rubutun, sauri nake, motar za ta juya bayan azahar, ina so ta tafi da wagga.

Don Allah, don Annabi, mi ka ji?

Na je tasha da ɗaurin kayana kamar yadda ka ce. Ka san yadda Jibrilla ke yi in ya zo da sababbin katuna, tun da yawancinmu ba mu karanta boko: hawa yake kan matakalar mota shi kira suna da ƙarfi, mai shi ya amsa. Tasha cike, har da mutanen Gangara da ke zaune nan. Ya kira mutum shida. Sai na ji ya ce, "Sadiƙa, matar marigayi Is'haƙa na Gangara!"

Ban amsa ba. Na ɗauka wata ce. Ya sake kira. Sai na ga duk an juyo ana kallona, wata mai tallar ƙosai ta aje faranti ta fara salati. Wani tsoho ya cire hula ya ce, "Inna lillahi. Ashe an tabbatar." Anka miƙo mini katin hannu da hannu, kore, kamar ana miƙo likkafani. Na ce da Jibrilla, "Wa ya ce?" Ya ce, "Baba, abin da ke rubuce na karanta. Daga hannun Malam Kalilu ya fito, shi kuwa yana kusa da ofisoshi, ba shi rubuta abin da bai sani ba."

Ban san yadda na iso gida ba. Labarin ya riga ni. Na tarar mata sun fara shigowa da mayafai, an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Inna tana zaune inda take zama kullum, ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Sadiƙa, ke kinka gani ko faɗa miki anka yi?" Na ce faɗa mini anka yi. Ta ce, "To ni ban ji ba." Ta juya ta ci gaba da kallon hanya. Wallahi da ta yi kururuwa da ya fi mini sauƙi.

Na sake karanta takardarka sau huɗu. Ka ce "Allah ya bayyana shi." Wanda ya san mutum ya rasu ba shi faɗin haka. Amma kuma ka ce Jibrilla za shi zo mini da abu, ba ka ce kati ba. Ko tsakanin Laraba da yau wani labari ya iso muku? Ko an sako wani da ya gan shi? Ko an tsinci wani abu? In haka ne kada ka lallaɓa ni. Na wanke gawar 'ya'yana uku da hannuna, na san Allah ke bayarwa shi ke karɓa. Rashin sani ne ba ni iyawa.

Ban shiga motar ba. Da wace fuska? Ka gaya wa Zulaiha wani uzuri, kada ta ji wannan a bakin mutane.

Ina jiran amsarka ranar Alhamis.

Sadiƙa.

Sabon Birni, Laraba, 22 ga Safar

Malam Kalilu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Yau kwana tara. Alhamis na je tasha, mota ba ta zo ba. Litinin na koma, ba ta zo ba. Wasu sun ce jami'an rakiya anka janye zuwa wani wuri, wasu sun ce an ga mutanen daji sun yi sansani kusa da gada. Kowa da tashi maganar. Jabir za shi bi ta daji gobe da asuba da maganin wani, shi na roƙa ya kawo maka wagga. In wani abu ya same shi a hanya da takardata a aljihunshi, ban san yadda za ni yi da raina ba.

Ga halin da nake ciki. Yayan Malam, Sodangi, ya zo daga Gangara da ya ji labari. Ba mugun mutum ba ne, kuka yake kamar yaro. Amma ya ce tun da hukuma ta rubuta, in shiga takaba, a yi addu'ar bakwai, kada a bar ɗan'uwanshi ba sadaka. Na ce ba hukuma ba ce, ƙungiya ce. Ya ce, "Takarda mai hatimi dai ai takarda ta." Munka je wurin liman. Liman ya ce ba a shiga takaba da kati, sai da shaida, matar wanda ya ɓata kuma shari'a ta yanka mata nata lokacin jira, alƙali ke duba shi. Na san wannan tun ina gaban malaminmu. Amma ya ƙara da cewa in wanda ya rubuta yana da shaida, to takabata ta riga ta fara ban sani ba.

Ka ga inda anka aje ni. Ban san ko ni matar aure ce ko mai takaba ba. Na cire 'yan kunnena na sake sawa sau biyu. Kwalli na bari gaba ɗaya, don kada in yi saɓo ban sani ba.

Kuma ka duba wani abu, ɗan'uwana. In labarin gaskiya ne, wata huɗu da kwana goma ba ni kwana ko'ina sai ɗakin nan. Katin da anka ba ni don in yi tafiya, shi ne za shi zaunar da ni. Zulaiha ta haihu, ta yi arba'in, ta gama wanka, duk ba ni. Ban sani ba ko kun yi wannan lissafin da kunka zauna.

Inna ta daina cin tuwo. Kunu kawai, shi ma sai na yi da gaske. Masu ta'aziyya in sun gaishe ta sai ta ce, "Lafiya lau, yana hanya." Suna fita suna cewa ta ruɗe.

Akwai wani abin da ya fi tsorata ni. Mata irina suna da yawa a nan, na san ashirin da uku da sunansu. Tun ranar tasha sun fara zuwa mini ɗaya-ɗaya, ba don gaisuwa ba. Maƙwabciyata Kadijatu, wadda anka ɗauke mijinta da rani, ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, ta wace hanya kinka bi? Ni ma a rubuta nawa ya mutu. Yarona na da sikila, asibitin can nake son kai shi. In ya dawo na ba shi haƙuri." Tana faɗa tana dariya, hawaye na zuba. Ashe an kai inda mace za ta kashe mijinta a takarda don ta sami kujera. Matar da mijinta ya rasu ta san inda kabarinshi yake, an yi mata gaisuwa, an ba ta kati, ban yi mata hassada ba, Allah ya sani. Amma mu da ba mu da kabari ba mu da miji, a ƙasa za a bar mu?

Na yi surutu da yawa. Kalma ɗaya nake so: ka ji wani abu, ko ba ka ji ba?

Sadiƙa.

Isa, Juma'a, 24 ga Safar

Yaya Sadiƙa,

Ban ji komai ba. Wallahi, tallahi, ban ji komai ba. Ba wanda aka sako, ba abin da aka tsinta. Na sa wannan a farko don ki sauke numfashi kafin ki karanta sauran.

Ni na rubuta. Gurbi uku ne a takardar, na duba wanda ya fi kusa da ke na sa hannu. A raina cewa na yi tawada ce kawai, wa zai duba? A nan Isa mutum ofis yake zuwa ya karɓi katinsa a ambulan. Ban taɓa tambayar yadda Jibrilla ke raba su a can ba. Tun ranar Litinin ɗin da takardarki ta biyu ta iso na rubuta amsa, tana aljihuna kwana goma sha ɗaya ba mota. Ban da ta cewa sai ki yafe mini. Ga takarda biyu na haɗo wa Jabir, ɗaya ta liman, ɗaya ta Sodangi, da sa hannuna, cewa ƙarya na yi.

Yanzu ki daure ki ji. Labarin ya biyo motar ya zo Isa tun ranar. Kafin in kai gidan Abdurra'uf, wata fasinja ta riga ta shiga yi wa Zulaiha gaisuwar ubanta. Ta faɗi a bakin murhu. An kai ta asibiti, sun ce jininta ya hau, sun riƙe ta kwana uku. Na rantse mata da Alƙur'ani cewa ni na ƙirƙira, ta yarda, amma jikin bai koma daidai ba. Fuskarta ma ta kumbura. Ungozomar asibiti ta ce haihuwar na iya zuwa kafin lokaci. Ba ta da magana sai tambayar ko kin taho.

Mota za ta dawo aiki Litinin, an maido da rakiya. Ina roƙonki, ki shigo da katin nan. Na san abin da za ki ce. Amma ɓarnar ta riga ta faru, an kuma gyara ta wurin liman, kowa zai san Malam Is'haƙa ba a ce ya rasu ba. Abin da ya rage ɗan kwali ne. Zunubin nawa ne, ni na rubuta, ke hawa kawai za ki yi.

Na kai maganar masu jira gaban kwamiti jiya. An yi zafi. Ma'ajinmu ya ce in aka buɗe wannan ƙofa, rabin matan Sabon Birni da Isa za su shigo, 'yan kasuwar da ke biya su rasa kujera su koma babur, man mota ya gagara, kowa ya rasa. Wani ya ce ta yaya za a tantance wadda aka ɗauke mijinta da wadda nata ya tafi ci-rani Nijar ya yi shiru? Ba mugaye ba ne, Yaya, tsoro suke kada abin ya mutu a hannunsu. Na ce da su ni dai tsarinmu ya mai da ni maƙaryaci, kuma ba ni ne na ƙarshe ba. An ɗage zama.

Kada ki hau babur. Jabir ba zai gaya miki ba, amma da ya iso nan sai da aka ba shi ruwa sannan ya faɗa mana abin da ya same shi. A cikin dawa ya kwanta da babur ɗinsa mutanen daji suna wucewa, yana jin hirarsu. Kada Zulaiha ta rasa uwa a kan kalma ɗaya.

Kalilu.

Sabon Birni, Litinin, 27 ga Safar

Ɗan'uwana Malam Kalilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na yafe maka duniya da lahira. Alheri ka nufa. Da Jabir ya kawo takardarka na karanta layin farko, sai na yi sujada a tsakar gida, goshina a ƙasa ba tabarma. Dubi yadda Allah ke juya bawa: rashin sanin da nake kuka da shi, shi na koma ina yi wa godiya. Liman ya karanta taka bayan sallar la'asar, Sodangi ya koma gida. Inna ta ci tuwo ranar, har ta ce miyar ba gishiri.

Za ka ga koren katin cikin wagga takarda. Ka saurare ni kafin ranka ya ɓaci.

Na yi niyyar bin maganarka. Kwana biyu ina faɗa wa kaina lalura ce, Zulaiha ce, Allah mai gafara ne. Yau da hantsi na ɗauki kayana na tafi tasha da katin a ƙulle a bakin zane. Inna ta ce za ta raka ni. Na yi mamaki, don shekara guda ba ta wuce zaure ba, amma ta ce tasha ai cikin gari ce. Muna tafe tana dafa kafaɗata.

Abin da ba ka sani ba, ba ranar rabo kaɗai ake kiran suna ba. Tun da anka dawo da rakiya, jami'an sun ce duk mai shiga sai an karanta katinshi da ƙarfi an dubi fuskarshi. Na shiga layi. Mata uku a gabana masu kore, ana kiran "matar marigayi wane," suna amsawa suna hawa. Saura ɗaya a zo kaina, na waiga. Inna na tsaye da sandarta, ga Kadijatu a bayanta da sauran matan nan, sun zo su ga ko abin yana ci. Na san in na amsa yau, Alhamis su goma za su aiko maka. Kuma kowace Litinin da Alhamis sai an kashe musu maza a bakin mota, su amsa da bakinsu.

Jibrilla ya miƙo hannu. Na ce, "Ɗana, kada ka karanta." Ya rage murya ya ce, "Baba, ki bari in yi gunaguni kawai, ba mai ji." Na ce, "Wanda nake tsoro yana ji." Na fita daga layi. Na zauna kan wani buhu ina kuka, don na san na zaɓi daji, kuma ina jin tsoronshi har cikin ƙashina.

Sai Inna ta buga sandarta a jikin mota. Ta ce, "Kai direba, wanga farin kati da nake gani hannun tsofaffi, na wa da wa ne?" Ya ce na wanda ya wuce sittin, da mai rakiyarshi ɗaya. Ta ce, "Ni na wuce sittin tun kana tsumma. Sadiƙa, kin san da haka kinka yi shiru?" Na ce, "Inna, kin yi rantsuwa." Ta ce, "Rantsuwar tawa ce ko taki? Azumi uku ne, ba ya kashe tsohuwa." Na ce in ya dawo ya tarar ba kowa fa? Ta dafa sandarta ta waiga wajen hanyar Gangara. Sannan ta ce, "In Ɗan'auta ya dawo ya ji na zauna gadin zaure an bar ɗiyarshi ta haihu ita kaɗai, da wane ido za ni dube shi? Kadijatu, ki shimfiɗa buzunshi inda nake zama, ki aje butarshi a kai. In ya gani ya san ba mu yi nisa ba."

Na tambayi zuciyata ko wannan ma dabara ce irin waccan, na ga ba ita ba ce. Shekarunta nata ne, tafiyar tata ce, jikarta za ta gani, kuma ba ta iya hawa matakalar nan sai da ni.

Jibrilla ya ce ba shi da ikon ɗaukarta yau ba kati, kuma ban matsa mishi ba. Don haka ga roƙona. Ka aiko da farin katin Inna ranar Alhamis. A rubuta Laraba, uwar Is'haƙa na Gangara. Kada a sa komai gaban sunanshi.

A bayan takardar nan za ka ga sunayen mata ashirin da uku, da garin kowace, da watan da anka ɗauke mijinta, da dangwalen yatsanta da tawadar allo. Muna barin bakin mota Kadijatu ta zagaya ta tara su gidan liman, shi kuma ya sa hannu a ƙasa cewa ya san su. Ka kai wa mai tambayar yadda za a tantance. Ni na sami tsohuwa da za ni raɓa, Kadijatu ba ta da ita. Ba mu ce a sauke kowa ba. In kujera biyu ce a kowace tafiya, za mu yi layi a tsakaninmu, mun iya jira.

Kwana uku ne tsakanin yau da Alhamis, kuma ina ƙirga su da abin da ungozoma ta faɗa. Ka je ka ga Zulaiha yau, kada ka bari sai gobe. Ka ce mata mu biyu ne ke tafe, ta sa a wanke tukunyar. In ka ga jikinta ya canza, ko ka ga katin ba za shi samu ba, kada ka ɓoye mini don tausayi, ka faɗa wa Jibrilla da baki. Na riga na yi magana da Jabir, ya ce in Alhamis ta wuce ba kati, Juma'a da sassafe za shi ɗauke ni. Ban gaya wa Inna ba.

An fara kiran azahar, motar na shirin juyawa. Don Allah ka amsa mini da wuri.

'Yar'uwarka, Sadiƙa, matar Malam.